Lambun Furen Faransa

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka ba mu mulkin kai ba, domin a cikinta na yi noman da har yau ake ba jikokina labarinsa. Ina sabon malamin makaranta a Bagudo, ɗan birni, ban taɓa riƙe fartanya ba. Ga shi ina neman auren Hajo, 'yar wani manomin Geza, Baba Manu, wanda ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da bai san ƙasa ba.

Sai na ce bari in nuna masa. Na samo irin fure wurin wani ɗan Dahome a kasuwar Dole Kaina, ya ce daga Faransa ya zo. Na yi kunya-kunya a gaban makaranta, na zuba takin awaki, na shuka, na kewaye da ƙaya.

Tsiro iri biyu ya fito. Ɗaya siriri kamar mai jinya, ɗaya kuwa kore shar, ganye mai gashi-gashi. Ai abin Faransa ba zai rame ba! Na bi siraran nan na tuge. ('Yan ajina sun yi ta kallon juna, amma ina da bulala a lokacin, kuma ba na son a yi mini gyara.)

Ranar bikin mulkin kai, bayan an ɗaga tuta, na ja hedimasta da iyayen yara zuwa lambu, na sa Baba Manu a gaba. Na yi jawabi. Har cewa na yi sabuwar ƙasa sai da sabon fure.

Baba Manu ya duƙa, ya tsinko wani ɗan abu mai ƙaho biyu, ya manna mini a doguwar safata. Ya kama tsam.

"Malam," in ji shi, "wanga da kaka ba ruwa, kashin yawo na. Cikin takin awaki ya taho."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Kashin yawo! Ciyawar da manoma ke tsine wa, ni na yi mata shinge. Hedimasta ya nuna wani jan fure guda a lungu, wanda ya tsira daga hannuna, ya ce, "Ga na Faransan can." Mutane har da riƙe ciki.

Na ce shi ke nan, Hajo ta tafi. Sai tsohon ya share hawayen dariya ya ce, "Hannunka na da albarka, amma ba ka da ido. Taho gonata baɗi, akwai shi da yawa, ka cire mini."

Damina guda na yi a duƙe kafin a ɗaura aure. Tun daga nan, in na ga yara na kallon juna, sai in ajiye girman kai in tambaya. Hajo kuwa har yau, in ta cire shi daga bakin zanenta, sai ta miƙo mini ta ce, "Malam, ga furenka."