Ranar da Na Gasa Takarduna a Leda

Ko zan manta da komai na zamana a Abijan, ba zan taɓa mantawa da daminar da na dawo daga karatu ba. Shekara biyar na yi a arewacin Najeriya ina koyon ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji, da kuɗin Kawuna Alhaji Sale, mai sayar da atamfa a kasuwar Adjamé. Na dawo kaina ya fi ƙarfin hulata. Wani asibitin kuɗi a Treichville ya ce zai ɗauke ni, amma sai na yi rajista, tunda a waje na yi karatu. Suka ba ni wata ɗaya.

Na zauna na tsara kasafi. Kuɗin mai fassara takardu zuwa Faransanci, wanda kotu ta rantsar. Kuɗin tambur, wato kan sarkin da ake manna wa takardun gwamnati. Kuɗin hoto, da takardar shaidar ban taɓa aikata laifi ba, da rajistar kanta, har kuɗin gbaka, ƙaramar motar haya, zuwa da dawowa na saka. Na ja layi da rula (da rula fa, jama'a) na kai wa Kawu a shago, na karanta masa a gaban maƙwabtansa da irin muryar da ake karanta labarai a rediyo. A zuciyata raina su nake yi: mutanen da lissafinsu bai wuce yadi da turmi ba. Kawu ya ƙirga kuɗin ya biya.

Da na gama zirga-zirga sai 'yan canji suka rage, na ga ai gwaninta ce ta jawo. Ruwa kuwa ana tafka shi kullum. Sai na tuna yadda muke yi a makaranta: duk wanda ya karɓi takardar shaidarsa, kai tsaye wurin masu rufewa da leda yake nufa, a gasa ta a inji ta fito tana ƙyalli. Na shiga wani shagon fotokofi kusa da Mairie, ofishin magajin gari, na miƙa takarduna na asali.

Mai shagon, wata dattijuwa Bahaushiya haihuwar Abijan, ta juya su ta ce, "Ɗana, orijinal ne fa. An buga musu hatimi?"

Na ce mata ta yi aikinta kawai. Ta sake tambaya, na sake ba ta amsa da hanci, har da ƙara mata cewa ni daga jami'a nake. Ta ɗaga kafaɗa ta kunna inji.

Washegari na sa kwat cikin wannan zafin, na isa ofishin rajista. Layi ya kai bakin ƙofa. Da aka zo kaina na zube dosiye, wato fayil ɗin takarduna, a gaban ma'aikaciyar kamar mai biyan sadaki. Ta ɗauki takardar digirin, ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta tambaye ni da Faransanci ko farantin shayi na kawo mata. Ta ce a bayan takardar asali ake buga hatimi a sa hannu, ba a kan roba ba.

Mai hankali da ya tattara kayansa ya fita. Ni sai na gyara tsayuwa na fara yi mata lacca a kan yadda ƙasashen da suka ci gaba suke adana takardu (ƙasashen da ban taɓa taka ko ɗaya ba). Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta dangwala hatimi, ta buga a kan ledar, ta sa babban yatsa ta shafe. Tawadar ta tafi fes. Ta ɗaga takardar sama yadda duk layin zai gani, ta ce, "Misye," wato Malam, "na gaba."

Dariyar da aka yi, har mai gadi sai da ya leƙo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, gumi ya jiƙa kwat ɗin har baya.

Wautar ba ta ƙare a nan ba. Da na koma gida na ɗauko dutsen guga da reza, wai zan ɓare ledar a hankali. Ta ɓaru kuwa, amma ta tafi da rabin sunana da tambarin jami'ar. Garin gyaran gira na rasa ido.

Dole na koma shagon Kawu, a gaban mutanen nan dai da na raina, na ce ina bukatar kuɗin tafiya Najeriya neman wata takardar. Kuɗin sun fi duk kasafin farko. Na zube guntayen ledar a kan tebur, Kawu ya kalle su, sannan ya ce, "Likita, in ka karɓo sabuwar, ni za ka kawo wa. Ni zan riƙe ta har ofishin, kai ka biyo ni a baya."

Haka aka yi, bayan wata huɗu. Aikin Treichville kuwa tuni an ba wani, kuma wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Tun daga nan, duk kasafin da zan yi sai na ware wa wautata nata kason. Har yau ba ta taɓa maido mini canji ba.