Buhun Godiyar Filimon

Wani mutum ne a ƙauyenmu, Filimon, wanda in ya buɗe baki a majami'a sai ka ɗauka shi ke riƙe da makullin sama. Kujerar dattijon ikkilisiya yake nema, zaɓe kuma saura mako guda. Kowace Lahadi sai ya miƙe ya tuna mana cewa wawa ne kaɗai ke zaton Allah ba ya gani, mugu kuma zai tsaya ya amsa abin da ya ɓoye. Yana faɗa yana nuna bencinmu na zumuntar mata, kamar a kanmu aka ƙirƙiro zunubi.

Ranar godiyar kaka kowa ya kawo abin da ya samu, wani kwano, wata daro. Can sai ga Filimon, ƙarti huɗu na nishi a bayansa da buhun dawa. Tim! suka dire shi gaban bagade. Ga sunansa da jan fenti, ko makaho ya karanta. Ya dafa buhun ya ce Allah yana ganin har ƙasansa, masu kawo kwano su ji tsoro.

To al'adarmu, buhun da ya fi girma na gwauruwar da ta fi tsufa ne. Shekara da shekaru Iya Tabita ke karɓa, ita kuwa ba ta gani, a gida jikokinta ke buɗewa, abin da suka tarar ba mai jin labari. Da ita Filimon ya dogara. Ya manta mun binne ta da damina. Mai bi mata Iya Kande ce, surukarsa.

Da Fasto ya kira sunanta, Filimon ya yi wuf ya isa gabanta. Ya durƙusa ya ce, "Iya, bari in kai miki gida a babur."

Ta ce a nan za ta ɗibar wa sauran gwauraye, a ba ta ƙwarya. Ni na miƙa mata.

Ƙwarya ta fari, dawa jawur. Ta biyu ma haka. Ta uku, ƙaras! Tsakuwa. Ta zura hannu har gwiwa, ta fito da yashin rafi da ƙaiƙayi, har da rabin bulo. Fasto ya kama tari.

Filimon ya fara rantsuwa an musanya masa buhu a hanya. Na ce to ɓarawon ya kyauta, da ya tsaya ya rubuta masa suna.

Iya Kande ta kakkaɓe hannunta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Baban Ladi, kullum kana tsorata mu da ranar shari'a. Kai taka ba ta kai a tashi mala'ika ba. Tsohuwa da ƙwarya ta ishe ka."

Ranar zaɓe ƙuri'a ɗaya ya samu. Matarsa ta rantse ba tata ba ce.