Rasuwar Kaskon Doña Petronila, da Inda Za a Kai Gawarsa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Herlinda Cuamatzi, matar Nicanor mai gonar bayan coci, nake sanar da matan San Lucas rasuwar kaskon gasa tortiya, fankasun masarar nan tamu, na gidanmu, wanda kowa ya sani da Kaskon Doña Petronila. Ya rasu ranar Lahadin da ta wuce, wajen ƙarfe ɗaya na rana, a kan murhunsa, yana bakin aiki, bayan doguwar jinya. Da gangan na liƙa wannan takarda a bangon injin markaɗe, don nan ne kaɗai na tabbata ƙafar namiji ba ta takawa. Wadda ta karanta ta kama bakinta zuwa tsakar ranar Alhamis.

An haifi marigayi a hannun wata maginiya shekara sittin da ɗoriya da suka wuce. Jan yumɓu ne, faɗinsa taƙi uku, yana ɗaukar tortiya bakwai a zama ɗaya. Surukata, Doña Petronila, ita ta goyo shi a baya daga kasuwar Apizaco, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ta fi yawan ba da labarin wannan goyon a kan na 'ya'yanta. Na tarar da shi a gidan, saboda haka ya girme ni a auren, kuma bai taɓa bari na manta ba.

Washegarin bikina aka haɗa mu. Kun san yadda ake yi wa amarya: a miƙa mata curin ƙullu a koma gefe ana kallo. Na tafa tortiyata, na ɗora, na juya, na sake juyawa, sai ta kumbura tim. Doña Petronila ta tafa hannu ta ce, "Madalla! Kasko ya yi na'am da yarinyar nan." Har hawayen murna na yi, ni sakara. Faccalata Crescencia, matar wan mijina, tata tortiyar kullum fitowa take kamar tafin takalmi, don haka tuntuni aka sallame ta ta koma miƙa kwanuka da taya baƙi hira. Ni kuwa aka durƙusar da ni gaban murhu. Bana shekara talatin da huɗu.

Ba zan ci amanar mamaci ba, yana da halaye na gari. Mai haƙuri ne, bai taɓa ƙona tortiya ba sai in an yi masa gaggawa. Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba: a shafe shi da ruwan farar ƙasa kowace safiya, a tashe shi da wuta kaɗan kaɗan, kada kuma sabulu ya kusance shi. Ba shi da yawan magana. In ƙullu ya sauka a kansa ya ce tsss. In tortiya ta sace ya ce fuuu. In an janye itace yana hucewa sai ya dinga ƙis, ƙis, ƙis, wannan kuwa ni kaɗai na san shi da ita, don a lokacin kowa ya ƙoshi ya tashi.

Da damina sunansa ya fi fita. Ruwa na zama, burtuntuna ta kama masara, Nicanor ya shigo da kwando cike da zangarnu masu kumburarrun ƙwayoyi, toka-toka a waje, baƙi ƙirin a ciki, yana washe baki kamar shi ya halicce su. In kankare su da wuƙa, in daddatsa, in soya albasa da tafarnuwa da ɗanyen barkono a 'yar tukunya a gefen murhu, in zuba burtuntunar, in tsinka ganyen epasote a kai, in yi ta juyawa har ta saki ruwanta ta koma baƙa wuluk tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Burtuntuna ba ta jira. Wadda aka karyo yau, gata ta zama gari. Tako ma, wato tortiyar da aka naɗe burtuntunar a ciki, ba ya jira, daga kasko sai hannu, daga hannu sai baki. To duk Lahadin damina 'ya'yana Fidencio da Aurelio sai su kwaso matansu da yaransu daga Puebla, a haɗu da na gida, baki goma sha tara, ni da marigayi muna ta ɗorawa muna saukewa. Kafin na bakwai ya karɓi nasa, na farko ya miƙo hannu.

Yabo kuwa ba a rage wa marigayi ko ƙwaya ba. Fidencio ya lashe yatsa ya ce, "Kai, kaskon Kaka ba shi da na biyu!" Nicanor ya gyara zama ya ce, "Ai sirrin a yumɓun yake, yaro. Ko kare ka ba wa wannan kasko sai ya yi maka tako." Ina durƙushe ina ji, hayaƙi na cin idona. Ban taɓa tankawa ba, amma ya yi mini ciwo, kuma yau da nake rubutu ma yana yi.

Wajibi ne in ambaci wadda marigayi ya raba ni da ita. Yayata Eufrosina, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana zaune a Tuxpan, bakin teku. Tafiyar awa shida ce a mota. Rabona da ita shekara goma sha ɗaya, tun lokacin da ƙafafunta suka daina ɗaukarta zuwa nan. Ba wanda ya taɓa hana ni zuwa, kada a ɗora wa Nicanor abin da bai yi ba. Cewa kawai yake, "Ki bari damina ta wuce, tsohuwa, wa zai riƙe kaskon?" Damina ta wuce, ga bikin waliyyin gari. Shi ya wuce, ga Ranar Matattu, su ma matattun a kan marigayi ake yi musu abinci. Sai girbi, sai Kirsimeti, sai shuka, sai in ɗaga kai in ga hadari ya haɗo. Eufrosina ta kira waya in ce, "Yaya, ina da tortiya a wuta, zan kira ki." Ita kuma ta ce, "To, Linda, gaida kasko."

Ciwon ajalin marigayi ya fara ne shekara uku da suka wuce, da wata 'yar tsaga siririya daga gefe. Na ga ta, na liƙe ta da farar ƙasa, na rage masa wuta. Akwai kuma wani wuri a rufin kicin, daidai saman murhu, da yake yoyo, wanda Nicanor ya yi alkawarin gyarawa tun Aurelio yana makaranta. In ana ruwa nakan kare marigayi da faranti.

Ranar Lahadi ana ruwa, gida ya cika, na sauke zagaye na huɗu, sai waya ta yi ƙara a aljihun zanena. Maribel ce, 'yar Eufrosina. Ta ce, "Inna, likita ya sallamo Mama, ya ce a kai ta gida ta huta. Kin gane ko? Ba ta cin komai. Jiya ta ce ba abin da bakinta ke so sai takon burtuntuna irin naki." Na buɗe baki in ce ina da tortiya a wuta, sai maganar ta ƙi fita. Na miƙe na fita bakin zaure da wayar, na bar marigayi ba komai a kansa, wuta na ci, farantin kuma yana hannuna. Aka kara wa Eufrosina wayar a kunne. Muryarta ta koma 'yar ƙarama. Ta ce, "Linda, yau ba kya kan kasko?" Na ce ina jin ki, Yaya. Muna cikin haka na ji tas daga kicin. Na san ko mene ne, ban kuma ruga ba. Na tsaya har ta gama maganarta.

Da na koma na tarar ya rabe biyu, babba da ƙarami, ruwan rufi yana ɗiga a tsakani. Na yi kuka, kuma kukan gaskiya ne, don ba a shekara talatin da huɗu da abu a rasa ƙaunarsa. Amma tunda sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce, zan faɗa: a ƙarƙashin kukan na ji wani sanyi a raina. Na ce to, mai girkin ya mutu, don su da bakinsu suka ce shi ne mai girkin, 'yar aikinsa kuma ta sami hutu.

Ashe da sauran rina a kaba. Nicanor ya cire hula ya tsaya kan gawar yana cewa, "Uwata ta sake mutuwa yau." Fidencio kuwa cikinsa bai yi makoki ba. Ya leƙa tukunya ya ga burtuntunar saura rabi, ya haura gidan maƙwabta ya aro kaskon ƙarfe, ya ce, "Mama, ko a wannan gwangwanin ne ki ɗan ƙarasa mana, kada ta lalace." Da ina da wayo da na ƙona tortiyoyin. Amma hannu ba ya jin shawara, abin da ya saba shi yake yi. Fidencio ya gatsa, ya sake gatsa, ya ce, "Baba, ɗanɗana ka ji. Wallahi babu bambanci!" Nicanor ya tauna, ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce, "Ikon Allah. Ashe hannunki ne, tsohuwa." Aurelio ya ce, "Shi ke nan, hankalina ya kwanta. Mama, ke kam ba za mu bari ko ƙofar gida ki taka ba, kada a sace mana ke." Aka yi ta dariya. Shekara talatin da huɗu ina jiran wannan yabo, da ya zo kuma sai ya zo da kwaɗo da makulli. Da yamma na gaya wa Nicanor maganar Eufrosina. Ya jinjina kai, ya yi mata addu'a, ya ce, "Saura Lahadi uku damina ta ƙare. Ai za ta kai, yayarki ƙarfe ce."

Cikin masu zuwa ta'aziyya ina miƙa godiya ta musamman ga Crescencia. Ta zo ranar Litinin, ta same ni ina jera ɓangarorin marigayi a kan tabarma. Ta leƙa ta ga ba kowa, ta gutsuri ƙullu, ta tafa, ta ɗora a kaskon aro, ta juya sau biyu. Tortiyar ta kumbura fiye da tawa. Na ce, "Crescencia! Dama kin iya?" Ta ce, "Tun ina 'yar shekara tara. Uwata ce ta ja kunnena ranar da za a kawo ni: in kin bari ta kumbura a gidan miji, kin durƙusa ke nan har kabari. Sai in huda ta da farce." Na rasa ko in shaƙe ta ko in rungume ta. Ta share hannu a zanenta ta ce, "Na ci zamana a kan gwiwarki, Linda, na sani. Tashi ki je wurin yayarki. Ni zan riƙe musu wuta, kuma tafin takalmi za su ci har ki dawo, don ba zan tona asirina da tsufana ba."

Marigayi ya rasu ya bar dutsen niƙa, wanda ya daɗe da ritaya, da 'yar tukunyar suya, da mafici mai ƙunar baki, da duwatsun murhu uku waɗanda har yanzu ba su san abin da ya faru ba. Ya bar baki goma sha tara. Ya bar Nicanor, da rufinsa mai yoyo. Ya bar ni, da gwiwoyi biyu da ba sa miƙewa sai da dabara. Allah ya jiƙansa, halinsa na gari ya bi shi, sauran kuma na yafe masa.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ƙaramin ɓarin na Nicanor ne, gadon uwarsa, zai same shi a kan teburi tare da kwafin wannan takarda idan ya dawo daga gona ranar Alhamis. Babban ɓarin na gwada shi, har yanzu yana ɗaukar tortiya biyu. Shi zai bar gida da safiyar Alhamis a motar farko, a naɗe cikin mayafina, tare da ƙullu, da damin epasote, da burtuntunar da zan karyo da hannuna a hanyar zuwa tasha. Ni kaɗai zan raka gawa. Zai yi aikinsa na ƙarshe a tsakar gidan Maribel a Tuxpan, daga nan a binne shi a gindin duk bishiyar da aka nuna mini. Ba za a yi zaman makoki a San Lucas ba, don zaman makoki abinci yake ci, mai dafawa kuma ba ta nan. Ban san ranar dawowata ba, kada a tambayi Crescencia.

Wadda duk take da lambar Maribel, ina roƙonta ta kira ta karanta mata ƙarshen takardar nan, ita kuma ta faɗa wa uwarta a kunne, don ni in na kira kuka zai hana ni. Yaya Eufrosina, Linda ce. Na sauke, babu komai a wuta. Kin jira ni shekara goma sha ɗaya ba ki yi fushi ba, don girman Allah ki ƙara mini kwana biyu.