Yadda Sunan Yayata Ya Faɗo Daga Fom

Jiya ƙafafuna sun kumbura a ofishin ba da takardar haihuwa. Awa huɗu ina tsaye, rana na dukan ƙeyata, wani bawan Allah na taka min silifa ta baya. Abin haushin, yayata a ofishin take aiki, kuma ita ce ta taɓa kashe wannan layin da hannunta.

Shekara shida Yaya tana aikin wucin gadi a tagar karɓar takardu. Bara sai Ranka-ya-daɗe Oga Mai Jan Biro ya tara ma'aikata, ya ce zamani ya canza, duk wanda ya kawo dabara mai amfani za a tabbatar masa da aiki. Yaya ta dawo gida da murna. Ta samo kwalin da aka yar a bayan ofis, ta yayyanka, ta rubuta lamba ɗaya zuwa ɗari. Ka zo, ka karɓi lambarka, ka zauna a inuwa har a kira ka. Cikin kwana uku babu turereniya, babu zage-zage. Har wata tsohuwa ta riƙe hannunta tana sa mata albarka.

Sai aka ce ai dabara ba ta zama dabara sai an cike fom. Fom ɗin kuwa layi biyar gare shi na sunayen masu dabara. Yaya ta sa nata a na farko. Shugaban sashe ya ce rashin ladabi ne ƙarami ya hau kan babba, aka sake fom, ta koma na biyu. Mataimakin darakta ya gani, ta koma na uku. Haka ta yi ta gangarowa kamar mai saukowa daga bene. Kafin takardar ta bar teburin Oga, manya biyar sun cika layuka, Yaya ta faɗo ƙasa.

Aka yi taron ƙaddamarwa, aka tafa. Aka bugo lambobin roba masu sheƙi da hoton Oga a baya. Saboda kyansu aka kulle su a durowa, kada mu ɓata su da gumi. Mabuɗin yana aljihun Oga, Oga kuma yana taron bita kan ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa. Na kwalin an hana, wai suna zubar da mutuncin ofis.

Da na dawo jiya ina ɗingishi, ina mitar abin da aka yi wa Yaya, maƙwabcina tela ya ɗago kai daga kekensa.

"Kai da ka gudu daga aji biyu, me ka sani a tsarin aiki? Ai girmama ta aka yi. Manya biyar sun ɗauki dabararta!"

Na ce, "Sun ɗauka kam. Ko a tasha haka ake ɗaukar jakar mutum."

Ya yi dariya har allura ta soke shi.

Makon jiya masinja ya miƙa wa Yaya ambulan mai hatimi. Ta ƙi buɗewa sai a gaban Inna, don ta ɗauka takardar tabbatar da aiki ce. Inna har ta gyara zama. Ashe tuhuma ce: ta yi bayani cikin awa ashirin da huɗu, wa ya ba ta izinin yanka kwalin gwamnati. An kuma mayar da ita ɗakin ajiyar tsoffin fayil, har yanzu a wucin gadi. A cikin ambulan ɗin an haɗo mata da fom ɗin dabarun bana.

Na ce, "Yaya, za ki cike?"

Ta harare ni. "Kai, auta, rufa min asiri. Ni yanzu in tunani ya zo min a ofis, ruwa nake sha in zauna har ya wuce."

To, Allah ya ƙara wa manyanmu basira. Za su buƙace ta kuwa, don basirar na ƙasa da suke ɗiba ta fara ƙafewa.