Masu Ba Dillalai Lasisi Sun Koma Gindin Mangwaro

"Ranka ya daɗe, hatimi kawai ya rage. A buga mini in kama gabana."

"Hatimi yana ciki," in ji Oga Bello, magatakardan ofishin da ke ba dillalan gidaje lasisi. Ya nuna mini ƙofa da haɓa. Kwaɗo uku ne a jikinta, kowanne ya fi ɗan'uwansa ƙiba. Shi kuwa Oga yana kan kujerarsa mai juyawa a gindin mangwaro, fayiloli jibge a gefensa, an danne su da bulo kada iska ta kwashe aikin gwamnati.

Jama'a, ku bari in faɗa muku abin da ya kai ni can. Shekara uku ina nuna wa mutane gidajen haya a Kubwa, kuma ina son Mashkura. So irin wanda in ta yi murmushi nakan yafe wa cunkoson motocin Abuja duk abin da ya yi mini. Mahaifinta, Alhaji Labaran mai shagon atamfa, wani dillali ya taɓa kama masa shago, ranar shiga ya tarar da mai sayar da taya a ciki yana shan shayi, shi ma da takardarsa. Tun ranar in ya ji an ce dillali sai ya nemi tsari.

"Yaro, ba ƙinka nake yi ba," ya ce mini. "Kawo takardar hukuma da hatimi kafin ƙarshen wata, sannan ka turo manyanka. In babu, ka nemi wata ƙofar."

Yau saura kwana huɗu.

Dama wata biyar ke nan ina sammakon shiga bas zuwa ofishin nan neman lasisi. Na kai hoto takwas, aka ce kunnena na hagu bai fito ba. Na sake, aka ce na yi murmushi, alhali dillanci ba wasa ba ne. Na zauna kwas na mako biyu, inda Mai Girma Babban Darakta, Garkuwan 'Yan Haya, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya buga tebur ya ce, "Kada ku taɓa karɓar gida ba ku binciki takardunsa ba!" Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na rubuta a littafina, na ja layi biyu. Na ci jarrabawa. Ina cewa na iso, ashe ganin Dala ba shiga birni ba ne.

"To Oga, wa ya kulle ku?"

Ya sosa ƙeya. Wai wani dillali ne ya kama musu benen. Ashe ya ba wata makarantar kwamfuta haya, ya kuma ba wani kamfanin ruwan leda. Jiya kowa ya zo da kwaɗonsa.

"Dillalin yana da lasisi?"

"Ƙanin matar Darakta ne."

"Kun binciki takardu?"

"An kafa kwamiti."

"Ina kwamitin?"

"Suna otel. Ba ka ga ba su da wurin zama ba?"

Madalla da wannan hangen nesa! In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, har da minshari, mu kuma an ce mu yi layi mu koyi farkawa a wurinsa.

Wayata ta yi ƙara. Mashkura ce. "An buga?" ta tambaya, muryar nan kamar ruwan randa. Na ce mata ana kan aiki. Na kashe, na juya baya, na ɗora wa ƙura laifin idona.

Sai Oga Bello ya gungura kujerarsa kusa da ni, ya rage murya.

"Abokina, kai ba dillali ba ne? Ba ka san wani bene ba, ko a Jiwa ne? Rana tana kashe mu."

"Ai ba ni da lasisi, ranka ya daɗe. Doka ta hana."

"Dokar ma tana ciki. An kulle ta."

Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Na miƙe, na kakkaɓe wandona, na ɗaga murya yadda har masu ruwan leda za su ji:

"Zan samo muku ofis kafin Juma'a! Amma ba mai ganin makulli sai an ɓalle kwaɗon nan an buga mini hatimi. Kuma a gaya wa Mai Girma ya zo da hoto takwas, kunnuwa biyu a waje, ban da murmushi."