Fura a Fikafikan Fanka

Na dawo daga sitaj, wato kwas ɗin ƙarin horo, a Yamai ina hura hanci, don na ga ultirasantirifijez da idona, injin da ke juya jini da gudun tsiya har mai nauyi ya kwanta, marar nauyi ya taso. Makarantar aikin lafiya da nake koyarwa a Gaya ba ta da shi. Amma tana da fanka.

Don in nuna wa ɗalibai yadda injin ke aiki, na cika goruna biyu da fura, na hau tebur ina ɗaure su a fikafikan fanka, ina wa'azi: "Doka ta farko, nauyi ya daidaita ko'ina!"

Ɗalibata Hadiza, da ke kirana Mushe kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, ta ce, "Mushe, ai fikafikan uku ne."

Na ce, "Ke kika je Yamai ko ni?" Na sauko, na murɗa makunnin fanka har ƙarshe.

Fanka ta kama rawa, gora ɗaya ta fashe. Fura ta wanke allo, da ni, da darakta da ya leƙo cikin sabuwar shadda. Ya lashi leɓe, ya ce, "Mushe, sukari bai ji ba."

Yanzu Hadiza shugabar laboratuwar ce, ɗakin gwajin jini. Duk sabon injin da aka kawo mata, sai ta bugo waya: "Mushe, zo ka ƙirga mana fikafikai."