Rasuwar Ɗan Shuɗi, Kunnen Leland Torgerson

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta fal, Leland Torgerson, tsohon ma'aikacin kamfanin tarho, ɗan ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta garinmu shekara arba'in da ɗaya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar 'yar na'urar saurarensa da aka fi sani da Ɗan Shuɗi. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, a ɗakin taro na ƙarƙashin coci, a gaban mutum goma sha huɗu da butar kofi. Ya rasu yana da shekara shida.

Marigayin bai fi kwalin ashana girma ba. Ana soka shi a gefen kwamfuta, a ɗaura masa eriya, sai ya kwaso duk abin da ke yawo a iska ya mayar da shi lissafi, kwamfuta kuma ta zana shi launi-launi yana gangarowa a allo. Bai taɓa aika magana ko ɗaya ba. Saurare kaɗai ya iya, abin da ba kowa ya iya ba a ƙungiyar nan. Waɗanda suka zauna da shi za su tuna "shhhhh" ɗinsa na safe, da "tit-tit-tiii" da yakan kawo daga hayin teku idan yanayi ya yi kyau.

Yana da wani alherin da bai taɓa yi wa kowa gori a kai ba. Shekara uku ke nan kunnuwan Leland suna ja da baya, kuma a ƙungiyar da ake auna mutum da abin da ya iya tsinta cikin hayaniya, wannan ba abin faɗa ba ne. Leland ne ke jagorantar zaman hira ta rediyo na kowace Talata: shi ke kiran sunaye, shi ke ba kowa dama ya yi magana. Ɗan Shuɗi ne ke nuna masa a allo inda mutum ya fara da inda ya tsaya. Leland kuwa har zanen muryoyin ya haddace. Na Duane Pietila, abokinsa tun ƙuruciya, mai faɗi ne yamutsattse, kuma tunda Duane ba shi da zance sai na gwiwarsa, da zanen ya ƙare sai Leland ya ce, "Na ji ka, Duane, Allah ya sawwaƙe." Shekara uku bai taɓa kuskure ba.

Rashin lafiyar ba ta yi tsawo ba. Wata takwas Leland ya yi yana shirya jawabi kan yadda ake tankaɗe sigina daga hayaniya da lissafi, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. Shafi talatin da biyu ya tanada don majigi. Tun kafin ya fara, Duane ya ɗaga donot ɗinsa ya nuna marigayin.

"Kai tsoho, wannan ba rediyo ba ce, ciwon kai ne mai igiya. Rediyon da ba ta ɗumama ɗaki kamar irin ta da ai abin wasa ce."

Aka yi dariya. Leland ya ga ana dariya, shi ma ya yi.

A shafi na huɗu ya so ya nuna musu muryarsa a allo. Ya haɗa oba-obarsa, 'yar rediyon hannu mai aika magana, da marigayin da waya kai tsaye, kamar yadda ya gwada a gida sau ba adadi. Sai dai a gida akwai ɗan ƙarfen rage ƙarfi da yake sawa a tsakaninsu, don abin da aka yi domin jin raɗa ba ya ɗaukar ihu. Ran nan ƙarfen yana cikin aljihun kwat ɗinsa, kwat ɗin kuma yana rataye a bakin ƙofa.

Duane ne ya fara lura. Shaidu sun ce sau uku ya yi kira, na ukun yana tsaye yana dukan tebur: "Leland! Kada ka danna! Kai, Leland!" Leland ya ba su baya, idonsa na kan allo. Ya danna. Allon ya yi ja wur, sannan ya koma shuɗi lumui, bai sake motsi ba.

Da ya juyo sai ya ga ba allon ake kallo ba, shi ake kallo. Marlys Wojcik, shugabar ƙungiya, ta taso ta tsaya daidai gabansa yadda zai ga bakinta, ta tambaye shi a hankali, "Tun yaushe, Leland?"

"Shekara uku," in ji shi.

Duane ya zauna, ya ajiye donot ɗin. "Wato duk labarin gwiwar nan tawa iska nake ba wa?" Ya so a yi dariya, ba wanda ya iya, har shi kansa.

Iyalan mamacin suna godiya ga duk wanda ya bugo waya ya ce a sayi sabo, ba tsada. Gaskiya ne. Sabo zai zana launi, amma asirin da ya tonu ba a sayar da murfinsa a kanti. Marlys ta zo har gida da kek, ta rubuta masa a takarda cewa daga wannan makon Duane ne zai riƙa kiran sunaye, kafin a gani. Leland ya san ma'anar "kafin a gani". Ya yi kuka bayan ta tafi, ba ya kuma jin kunyar faɗa.

Marigayin ya bar eriya guda a kan rufin gareji, da kwamfutar da har yanzu take nemansa duk lokacin da aka kunna ta, da shafi ashirin da takwas da ba wanda ya gani. Ya kuma bar ɗan ƙarfen nan na aljihu, lafiyarsa ƙalau.

Za a yi jana'iza ranar Talata da ƙarfe huɗu a garejin Leland, inda za a sa gawar cikin gwangwanin kofi tare da sauran kayan da suka riga ta. Ba a buƙatar furanni. Bisa al'adarmu idan ɗan ƙungiya ya rasu, mai jagorantar zama zai kira sunansa sau uku a iska, a yi shiru na minti ɗaya ana jiran amsar da ba za ta zo ba. Duane ne zai yi kiran. Ana roƙon duk wanda ya fi kusa da Leland ya dafa masa kafaɗa idan shirun ya ƙare, don kada a watse a bar shi sunkuye yana jira.